Tsattsewar Shagon Kawu

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar nan taka da ba ta shiri da tsani? Mu nan lafiya lau muke, sai 'yata, takwarar Mama, da ta yi fama da mura, amma ta warware har ta koma ɓarnarta. Babanta yana gaishe ka.

Na koma takarda ne don na gaji da kiran da za ka ɗauka ka yi ta "Eh? Wa? Ƙara faɗi!" har maƙwabtana su san sirrin gidanmu. Injin zarto ya gama da kunnenka, Kawu, ka ƙi yarda ne kawai.

Ga labari mai daɗi. An ba ni hutu a tsakiyar damina, kuma zan zo da yarinyar nan. Ta shiga shekara ta shida ba ta taɓa taka gidan da kakarta ta girma ba, abin yana damuna ƙwarai.

Ka san abin da ya tayar mini da kewar gida? Ina koya wa ɗalibaina wani darasi da muke kira gurbi, wato matsayin kowace halitta a cikin 'yan uwanta: abin da take ci, lokacin da take fita, inda take haihuwa, da wanda yake cin ta. Na rasa misalin da zan ba su, sai kawai na ji bakina yana ba su labarin shagonka. Na ce musu akwai wani shagon kafinta a bayan gidanmu, inda tsattsewa suke gina sheƙar laka a jikin katakon rufi, suna shiga ta tagar saman ƙofa da gilashinta ya fashe. Da rana su ne ke cafke ƙwari a sama, da magariba kuma su shige, jemagu su karɓi aiki. Sama ɗaya, abinci kusan ɗaya, amma ba su taɓa faɗa ba, don kowa da lokacinsa. Ina cikin magana sai na ga Mama zaune a bakin ƙofar shagon tana tsefe mini kai, tana cewa in daina motsi in ƙirga bakunan 'ya'yan da suka leƙo. Wallahi sai da na juya na fuskanci allo na ɗan lokaci.

Na yi wa yarinyar alkawarin za ta gan su da idonta. Kullum sai ta tambaye ni ko tsuntsayen Kaka sun san tana zuwa. Ba na son komai, Kawu, illa ta tarar da shagon nan kamar yadda yake a zamanin Mama.

Taka,
'Yar Ƙwari, tunda ka ƙi mantawa da sunan

*

Zuwa ga 'Yar Ƙwari,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan tana iskancinta, da safe ta ƙi, da hantsi ta yarda. Kunnena kuwa lafiyarsa ƙalau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki idan suna magana.

Ashe dai har yau ƙwari kike bi. An kai ki makaranta har ƙarshenta, kin dawo kina koya wa manyan mutane abin da kike yi tun kina yawo da kwalba a bayan shagona. To, Allah ya yi albarka.

Da na karanta cewa Yaya Ƙarama za ta zo, sai da na tashi na zagaya tsakar gida ban san abin da nake nema ba. Ki gaya mata ƙaninta tsoho yana jiran ta, kuma idan ta gaji bakin mai sunan, to na shiga uku.

Amma maganarki ta ƙarshe ta tsaya mini a rai. Na ɗauki takardar na je na tsaya a tsakiyar shagon na duba shi da idon baƙo, sai kunya ta kama ni. A zamanin Yaya ai wurin nan tsaf yake, ita ce mai tsaya mini a kai in share. Tun da ta rasu na sake shi. Kwano yana yoyo, bango ya yi baƙi, famfon bakin ƙofa yana ɗiga dare da rana har wurin ya zama taɓo. Injiniya, ɗan uwanki, duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Baba, ka rufe kangon nan ka dawo wurina ka huta." Kango fa ya ce! Na ƙyale shi ne don na san akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Ki kwantar da hankalinki. Kafin ku iso za ki ga aiki. Ban mutu ba tukuna, hannuna bai manta guduma ba.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya. Takardarka ta zo yau, kuma ban zauna ba na ɗauki biro. Don Allah, don Annabi, kada ka gyara komai a shagon nan. Ba tsafta nake nufi ba. Tagar da ta fashe, da tsofaffin sheƙoƙin, da katakon rufin, har taɓon bakin famfon, ka bar su yadda suke. Tsattsewa suna hanya, da ruwan farko za su iso, kuma abin da suka bari shi za su nema. Na kira ka ya fi a ƙirga, wayar a kashe. Na san tana cikin aljihun wata riga a rataye. Wani abokin aikin baban yarinya zai bi ta wajenku, shi na ba wa takardar don ta fi sauri.

'Yar Ƙwari

*

Zuwa ga 'Yar Ƙwari,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da Yaya Ƙarama. Shiru na ji daga wajenki, na ce ko ɗalibai sun riƙe ki. Ni ma ban zauna ba. Bayana ya ƙage, amma na samu abin da nake so.

Ke dai bari! Idan kika shigo shagon nan yanzu sai kin koma baya kin duba ko gidan ne. Na canja kwanon da ya ruɓe. Tagar saman ƙofa na saka mata sabon gilashi, na bi gefenta na toshe, ko sauro ba zai wuce ba. Kin san ni, ba na iya ganin rami in wuce shi. Tsofaffin sheƙoƙin nan duk sun bushe suna zubar da ƙasa a kan aiki, na kankare su tas, na ce idan masu su sun zo sa gina sababbi masu kyau, ai ba a tarbar baƙo da tsohon ɗaki. Gungumen katakon rufin na goge shi sumul, na shafa masa fenti mai sheƙi har sau biyu, kina iya ganin fuskarki a ciki. Famfo na sa masa sabon kai, na zuba siminti a inda taɓon yake. Har ciyawar bayan shago da kwatamin nan mai tara ƙudaje na share na rufe.

Makaniken da ke kusa da mu ya leƙo ya ce, "Baba Kafinta, aure za ka ƙara ne?" Na ce masa yayata ce za ta dawo, ta zama 'yar shekara shida. Ya tafi yana girgiza kai.

Ina cikin kwashe tarkace na samu ɗan bencin da Yaya take zama a kai tana yi miki kitso. Ƙafa ɗaya ta karye. Na daɗe riƙe da shi. Shi kaɗai ne ban iya taɓawa ba, na jingine shi a lungu.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ki rubuto ki gaya mini ranar da za ku taso.

Kawunki

*

'Yar Ƙwari,

Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, raina ne babu daɗi.

Mutuminku ya kawo takardarki jiya, duk ta yamutse. Ya ce ta faɗa ƙarƙashin kujerar motarsa, sai da ya kai wanki aka gano ta. Ya yi ta ba ni haƙuri. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Da ta zo a kan lokaci ma ban san ko da na ji ba, amma ai da na tsaya na yi tunani.

Sun zo, 'yata. Washegarin ruwan farko, da hantsi, ina shara sai na ga inuwarsu a ƙasa. Sun fi goma. Suka nufi tagar nan kai tsaye yadda suka saba, ba ko rage gudu. Ta farko ta bugi gilashin, na ji ƙarar duk da kunnen da kike zagi. Ta faɗo a kan simintin, ta yi ɗan lokaci baki buɗe, sannan ta tashi. Sauran suka yi ta zuwa suna tsayawa a iska a gaban gilashin suna leƙen ciki, su juya, su dawo. Na ruga na buɗe musu ƙofa gaba ɗaya. Biyu suka shiga, suka zagaya, ɗaya ta yi ƙoƙarin kama katakon, ƙafarta ta zame a kan fentin. Suka fita.

Kwana biyu suna dawowa, a na uku ban ƙara ganinsu ba. A lokacin ban gane ba, har ina jin haushinsu, ina cewa wane irin butulci ne a gyara maka gida ka ƙi shiga. Sai da takardarki ta zo.

Na ɗauki guduma na fasa gilashin da hannuna. Makanike yana kallona ta katanga, ya kau da kai ya koma bakin aikinsa, Allah ya saka masa. Tagar tana nan a buɗe kamar da, amma babu wanda ya zo.

Tun ina saurayi tsuntsayen nan suke shagon nan. Yaya ta tafi ta bar su, matata ta tafi ta bar su, ni kuma na kore su da fenti. Ki gaya mini gaskiya, za su dawo? Idan ba za su dawo ba, ki san abin da za ki faɗa wa yarinyar tun yanzu, kada ta zo ta tsaya tana kallon rufi.

Kawunki

*

Kawuna,

Gaisuwa da fatan ka samu sauƙin baya. Muna lafiya. Takardunka biyu tare suka iso, na karanta ta murna da ta baƙin ciki a zama ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka, kuma na yi fushi. Amma da fushin ya sauka sai na ga rabinsa nawa ne. Na ce "zamanin Mama" ina tunanin tsuntsaye, kai kuma ka tuna tsintsiyarta. Dukanmu ita muke kewa.

Ka tambaye ni ko za su dawo. Ban sani ba, Kawu. Amma bari in gaya maka dalilin da ya sa fasa gilashin bai isa ba. Gurbin halitta ba rami ba ne kawai da za ta shiga. Kai da kanka ka san idan za ka haɗa ƙafar kujera, ba faɗin ramin kaɗai kake aunawa ba, har zurfinsa da tsayinsa, idan ɗaya ya kuskure ba za ta zauna ba. Haka tsattsewa take. Tana son hanyar shiga da ba a rufewa. Tana son katako mai kaushi da laka za ta kama. Tana son taɓo kusa, don da baki take ɗaukowa, ɗan mitsitsi ɗan mitsitsi, idan ya yi nisa zai bushe kafin ta iso. Tana son ƙananan ƙwari masu tashi, su kuwa daga ciyawar nan da kwatamin nan suke fitowa. Famfonka mai ɗiga da muka yi shekaru muna yi maka tsiya a kansa, ashe shi ne ma'aikatar bulonsu.

Duk waɗannan tare su ne gurbinta. Idan aka cire ɗaya, sauran ba sa riƙe ta, sai ta nemi wani wuri, don damina ba ta jira.

Akwai sauran lokaci. Sukan yi sheƙa fiye da sau ɗaya a shekara, kuma waɗanda ba su samu wuri mai kyau ba suna nan suna yawo. Ka kankare fentin, ka kakkarce katakon ya yi kaushi. Ka fasa simintin, ka bar ruwa ya jiƙa ƙasa. Ciyawa za ta fito da kanta. Bayan haka, don girman Allah, kada ka ƙara taɓa komai a wurin, ka bar su su samu natsuwa.

Ban gaya wa yarinyar ba tukuna. Jiya ta zana tsuntsu mai wutsiya biyu ta ce in aiko maka, ga shi nan a ciki. Ta ce wanda yake tsaye a gefe mai ƙaton kai, kai ne.

'Yar Ƙwari

*

Zuwa ga 'Yar Ƙwari,

Sallama da gaisuwa. Na ga zanen, ki gaya wa Yaya Ƙarama kan nawa bai kai haka ba, amma na manna shi a bangon ɗakina. Lafiyata da sauƙi, sai dai abinci ba ya shiga sosai.

Na yi duk abin da kika ce. A rayuwata ban taɓa ɓata aiki da gangan ba sai wannan karon. Na hau tsani na kankare fentin da na shafa da hannuna, na bi katakon da zarto ina yi masa rauni. Na fasa simintin, na kwance kan famfon kaɗan. Kin san wahalar sa famfo mai lafiya ya yi ɗigo daidai, ba yawa ba kaɗan ba? Yini guda na yi a kansa. Taɓo ya dawo, ciyawa ta tsiro, ƙudaje sun dawo har da 'yan uwansu.

Sannan kin ce kada in taɓa komai, in bar su su natsu. Na yi tunani na ga ai babban mai hana natsuwa a wurin ni ne, da gudumata da rediyona da tarina. Sai na kwashe kayan aikina na zuba a akwati, na ja ƙofar shagon na sa kwaɗo. Tagar sama kaɗai na bar musu. Ko ta gaban wurin ba na bi, daga tagar ɗakina nake leƙe kamar ɓarawo.

Sun zo sun gani. Biyu sun sauka a bakin taɓon, na ga sun ɗebi laka. Suka shiga, suka fita, aka yi haka na 'yan kwanaki, sai kuma ɗif. Da na kasa haƙuri na buɗe na duba, na tarar sun fara gini, bai kai rabin tafin hannu ba, suka bari. A kan teburin aikina kuwa wata ƙatuwar kyanwa ce kwance, ta kalle ni kamar ni ne baƙon. Ta kan katanga take hawa ta bi ta tagar. Ɓeraye ma sun yi hanya a kan katakon rufin, na ga kashinsu. Na kore ta na sake rufewa, washegari ta dawo.

Na gaji, 'yata. Yini nake a zaune ina kallon hannuwana. Injiniya ya zo ya ga shago a kulle, ya yi murna, ya ce ai shi ke nan, ƙarshen wata zai turo mota a kwashe ni. Ya gyara mini ɗaki a benensa, wai har da abin sanyaya wuri. Ban ce masa a'a ba. Kin rubuta cewa idan gurbi ya lalace halitta takan nemi wani wuri, na ga kamar maganar ta shafe ni. Idan kun zo, can za ku same ni. Ki ba yarinyar haƙuri, ki ce mata ƙaninta ya yi wauta.

Kawunki

*

Kawu!

Ko gaisuwar kirki ba zan tsaya yi ba, muna lafiya, kai ma Allah ya ba ka lafiya. Wannan ta hannun direban da ya saba kawo maka katako zan aiko, na ce masa kada ya ajiye ta ko'ina sai a tafinka.

Wa ya ce ka kulle shago? Na ce kada ka ƙara gyara, ban ce ka daina aiki ba! Haba Kawu. Kuma ni ban ce ka yi ƙaura ba, tsuntsu nake magana.

Amma takardarka ta tuna mini abin da ni kaina na tsallake, ni da nake koyar da shi. Da na lissafa maka abubuwan da tsattsewa take buƙata, na faɗi hanyar shiga da katako da laka da abinci, na manta na biyar: wanda yake tsare ta daga masu cin ta. Ka rufe idonka ka tuna. Shagon nan yana da tsawo, can ƙuryar da kake jibge falankai shiru ne, ba mai zuwa. Sun taɓa yin sheƙa a can? Ko sau ɗaya. Kullum a saman teburinka suke yi, daidai inda ka fi buga guduma, inda garin katako yake tashi, inda kake faɗa da masu kawo aiki. Ina yarinya nakan ce wa Mama tsuntsayen nan ba su da wayo, ga wuri mai shiru sun zaɓi kan Kawu. Ashe sun fi ni wayo. Inda mutum yake kai da kawo yini guda, kyanwa ba ta kwanciya, ɓera ba ya hawa, hankaka ba ya leƙowa. Shi ya sa irinsu suke bin mutane, suna gini a gareji da baranda da rumfar kasuwa.

Kai ne na biyar ɗin, Kawu. Shekaru nawa kana gadinsu ba ka sani ba, su kuma suna rage maka sauro. Ka mayar musu da komai, ka cire kanka, shi ya sa suka fara gini suka ga wurin ba mai shi, suka gudu.

Ka buɗe shagon nan gobe da safe. Ka fito da kayan aikinka, ka kunna rediyonka mai shaƙewar murya, ka yi tari son ranka. Ban yi maka alkawarin za su dawo ba, lokaci ya ja sosai. Amma idan akwai abin da zai dawo da su, to shi ne. Maganar Injiniya kuma, tsakaninku ce, ni ba zan sa baki ba. Abin da na sani kawai, na riga na gaya wa yarinyar gaskiya, ta ce to a kai ta ta ga inda suke zama da.

'Yar Ƙwari

*

Zuwa ga 'Yar Ƙwari da Yaya Ƙarama,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina cin abinci har ina neman ƙari. Gwiwa ma ta ga ba ni da lokacinta ta yi shiru.

Direba ya ba ni takardar a hannu, ya tsaya sai da na karanta a gabansa, wai haka kika umarce shi. Na karanta na ce, tabɗi, wato duk shekarun nan maigadi nake ban sani ba.

Na buɗe shago. Sai wata matsalar ta taso: ba ni da aiki. Mutane sun ga ƙofa a kulle sun kai kayansu wani wuri. Ranar farko haka na tsaya ina buga ƙusa a jikin guntun katako ina zarewa ina sake bugawa, kamar wanda ya taɓu. Da na ga abin ba zai yi ba, sai na bi layinmu gida gida ina tambaya ko akwai kujera mai rawa ko ƙofar da ba ta rufuwa. Ke, ashe duk unguwar nan a karye take! Yanzu shagon ya cika har ba wurin taka ƙafa. Matar mai shagon magani ta kawo gadon jariri, Makanike ya kawo bencin da masu jiransa suke zama, ya kuma zauna yana yi mini surutu, na ce ya ci gaba, yau surutunsa yana da amfani. Kyanwar ta leƙo sau ɗaya, na daka mata tsawa, ba ta ƙara ba.

Kwanaki suka yi ta wucewa ba komai. Na hana kaina ɗaga kai, don duk ɗagawa sai raina ya ɓaci. Rannan ina yanka falanki, sai wani ɗan abu mai sanyi ya faɗo mini a bayan hannu. Na duba, laka ce. Ban motsa ba, ban ɗaga kai ba, na ci gaba da jan zarton hawaye yana zuba a kan layin da na ja, har na yanka shi a karkace. Ni da ban taɓa ɓata falanki ba.

Biyu ne kacal, ba goma ba. Sauran sun tafi, wataƙila sai baɗi, wataƙila shi ke nan. Amma biyun nan sun ɗora a kan ginin da aka bari, sun gama, kuma tun shekaranjiya macen ba ta fita sosai, kanta kawai nake gani. Kin fi ni sanin abin da hakan yake nufi.

Motar Injiniya ta zo ƙarshen wata kamar yadda ya ce. Na fito da fensir a kunne na ce masa ba zan iya tafiya ba, ina da masu haya a sama kuma ni ne maigadinsu. Ya kalli rufin, ya kalle ni, ya ce, "Baba, saboda tsuntsu?" Na ce saboda tsuntsu. Na miƙa masa ƙarshen katako na ce ya riƙe mini. Ya riƙe, da takalminsa mai sheƙi a cikin garin katako, har la'asar. Da zai tafi ya ce zai dawo ranar hutunsa, wai teburin ofishinsa yana rawa.

Ku taso, kada ku ɓata lokaci, ina so ta iso kafin ƙwayayen su fashe. Kuma ki gaya wa Yaya Ƙarama, idan kun iso kada ta yi sanɗa, kada ta rage murya. Ta shigo da gudu da ihunta duka, haka suke so.

Kawunku